Waiwaye: Sanƙarau da kurumtar da take bari a baya

Duk shekara, da zarar hunturu ya ja baya zafin bazara ya kunno kai, hukumomin lafiya daga Sakkwato zuwa Damagaram kan fara fitar da alƙaluman sanƙarau: mutum nawa suka kamu, nawa suka rasu. Akwai adadi na uku da ba kasafai ake jin sa ba, wato yaran da aka sallama daga asibiti da ransu, aka sha barka, sai daga baya uwa ta lura tana kiran ɗanta ba ya waiwayowa. Likitoci sun daɗe suna bincike a kan wannan kurumta, sai dai galibin binciken an yi shi ne nesa da inda cutar ta fi ɓarna.

Cutar tsohuwa ce a littattafan likitanci. An bayyana annobarta a Jeneba a 1805, kuma a 1887 Anton Weichselbaum ya gano ƙwayar meningokokas, wadda ke haddasa annobar, a Biyana. Babbar annoba ta farko da aka rubuta a Arewacin Najeriya ta auku a 1905. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya shata yankin da take addaba, wanda a yau ya ƙunshi ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha, ƙasar Hausa na tsakiyarsa. A shekarun 1970 Brian Greenwood da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka mayar da Zariya cibiyar nazarin cutar, a can ma aka gwada allurar kuloramfenikol mai maiƙo wadda ake yi sau ɗaya tak, ta kuma daɗe tana ceton rayuka a lokutan annoba. Abin da ke gaban likitoci a wancan zamani shi ne hana mutuwa. Ranar da gadaje suka cika har ana kwantar da marasa lafiya a ƙasa, ba wanda zai ga laifin likita don bai tsaya auna kunne ba.

Awon kunne na tsanaki daga Amurka ya fito. A 1984 Philip Dodge da tawagarsa a birnin Sent Luwis suka wallafa sakamakon bibiyar yara 185 da suka yi sanƙarau. Kusan ɗaya cikin goma ya rasa ji na dindindin, kuma ƙwayoyin cuta daban-daban da ke haddasa sanƙarau ba ɗaya suke ba wajen ɓarna: ƙwayar da ke kawo namoniya ta taɓa jin kashi 31 cikin ɗari na waɗanda ta kama, meningokokas kimanin kashi 10, wata ƙwayar da ta fi kama ƙananan yara, mai suna Hib, kuwa kashi 6. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa lalacewar kan faru tun a kwanakin farko na ciwon, wani lokaci kafin yaro ya isa asibiti. Kumburin yakan ratsa daga rigar ƙwaƙwalwa zuwa wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa a can cikin kunne, ya kashe ƙananan gashin da ke karɓar sauti, waɗanda ba sa sake tsirowa. Ga wasu yaran, cikin makonni ko watanni kaɗan gurbin yakan fara zama ƙashi, daga nan dasa na'urar ji ma sai ta yi wuya.

Tunda kumburi ne ke cin kunnen, sai aka yi tunanin a kashe kumburin. A 1988 likitoci a Dalas suka gwada maganin deksametason a kan yara 200, suka ga kurumta ta ragu ƙwarai ga waɗanda aka ba. Asibitoci da dama a duniya suka rungumi wannan hanya. Amma da Elizabeth Molyneux ta maimaita gwajin a Balantaya ta ƙasar Malawi da yara 598, sakamakon da ta fitar a 2002 bai nuna wani amfani ba, ko wajen rage mutuwa ko wajen kare ji. Yaran Dalas yawancinsu Hib ce ta kama su, an kuma kai su asibiti da wuri. Na Malawi kuwa da yawa sun zo a makare, wasu da tamowa, wasu da ƙwayar cutar ƙanjamau. Wannan gwaji ya nuna a fili cewa sakamakon wata ƙasa ba ya wadatar da wata. Idan ana son sanin abin da zai kare kunnen yaron Gusau ko na Maraɗi, dole a yi binciken a kan yara irinsu.

A nan ne labarin Kano ke shigowa, domin shi ya ɓata sunan irin wannan bincike a wajenmu. A 1996 aka yi annobar da ba a taɓa ganin irinta ba: a Najeriya kaɗai fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya turo tawaga Asibitin Zana, ta gwada sabon maganinsa Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar seftiriyakzon, maganin da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu. Wasu daga cikin waɗanda suka rayu sun kurumce, wasu sun makance, wasu jikinsu ya shanye. Bayan jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya ce an yi gwajin ba bisa ƙa'ida ba. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ya sami amincewar iyaye da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu bayan gwajin ƙwayar halitta.

Gaskiya ne sanƙarau da kanta tana kurumtarwa, alƙaluman Sent Luwis sun isa shaida. Amma wannan bai wanke gwajin da aka yi cikin gaggawa aka tattara aka tafi ba. Abin da aka rasa a Kano shi ne amana, kuma da aka zo ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, sunan Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa.

A 2010 Karen Edmond da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi a sassan duniya, suka gano cewa kusan kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka tsira daga sanƙarau a Afirka kan fita da babbar nakasa, a Turai kuwa kashi 9, kuma kurumta ce kan gaba a jerin. A watan Disambar 2010 aka fara rigakafin MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta bi sahu a 2011. Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya sarrafa ta a kan ƙasa da rabin dala kowace allura, ta kuma kusan shafe nau'in A na meningokokas, wanda ya haddasa annobar 1996. Sai nau'in C ya taso, ya addabi Nijar a 2015, ya kashe fiye da mutum 1,100 a Najeriya a 2017, galibi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'i biyar, wadda aka gwada a Mali da Gambiya.

Rigakafi ta rage yawan yaran da ke kamuwa, amma wanda ya riga ya kamu har yanzu yana tsaka mai wuya. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na murƙushe sanƙarau nan da 2030 ya sa kula da masu nakasa cikin manufofinsa, kuma shawarar ƙwararru ita ce a auna jin kowane yaro kafin a sallame shi, ko cikin 'yan makonni bayan haka. Masu wannan awo kuwa suna manyan asibitocin koyarwa ne da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, alhali annoba a ƙauyuka ta fi kamari, inda yaro kan warke a ƙaramin asibiti ya koma gida ba wanda ya duba kunnensa. Wanda iyayensa suka yi dace yakan sami gurbi a makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano, ya koyi maganar hannu, galibi bayan shekarun koyon magana sun riga sun wuce.