Kafin ka zaɓi inda za ka fara gina gidajen sayarwa, duba abin da Dokar Filaye ta 1978 ta ce

Duk sanda aka yi rusau a wata unguwa, magana ɗaya ke karaɗe majalisun dillalai da magina: wai ƙasa ta gwamna ce, ranar da ya ga dama zai ƙwace, saboda haka neman takarda ɓata kuɗi ne. Masu shirin fara sana'ar gina gidaje don sayarwa sai su rabu biyu. Wasu su fasa, wasu su tafi bayan gari su sayi gona da takardar mai unguwa, su yi awon igiya, su zuba harsashi. Duka ɓangarorin ba su fahimci dokar ba.

An kafa Dokar Filaye, wato Dokar Amfani da Ƙasa, ranar 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, kuma sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kariya, shi ya sa gyara ta ke da wuya. Sashenta na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Amana aka ce, ba a ce gado ba. A Arewa ma ba sabon abu ba ne, don Dokar Ƙasa ta 1962 ta riga ta shimfiɗa kusan wannan tsari. Dokar 1978 ta shafi kowa, mutum ko kamfani, sai dai gwamna ba ya ba wanda bai kai shekara 21 ba fili da sunansa.

Tambayar farko kafin farashi ita ce: shin filin yana cikin yankin da aka ayyana birni? Sashe na 3 ya ba gwamna ikon ayyana hakan a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Abin da ya faɗa ciki, gwamna ne ke ba da izinin mallakarsa. Abin da ke waje, ƙaramar hukuma na iya bayarwa bisa al'ada. Tarkon shi ne iyakar takarda ba ta bin abin da ido ke gani. Kana iya tsayawa cikin gonar dawa, babu ko turken lantarki, alhali an daɗe da sanya wurin cikin birni. A irin wannan wuri takardar ƙaramar hukuma ba ta da ƙarfi. Ta mai unguwa ko dagaci kuwa shaida ce kawai cewa an yi ciniki, dokar ba ta ba su ikon ba da ƙasa ba.

Abuja ta fi tsauri. Dokar da ta kafa birnin a 1976 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya ƙasarsa baki ɗaya, kuma kotuna sun tabbatar cewa babu mallakar al'ada a can. Ministan Abuja ne ke bayarwa. Duk arhar fili a gefen Gwagwalada ko Kuje, a fara kai lambarsa AGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Abuja. A Kano KANGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, KNUPDA ke ba da izinin gini. A Kaduna KADGIS da KASUPDA ne.

Sashen da ya fi cin masu wannan sana'a shi ne na 22. Ya hana mai izinin mallaka ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa fili ga wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Mai gina gida ɗaya don iyalinsa sau ɗaya zai gamu da wannan. Mai sana'a kuwa zai gamu da shi lokacin saye, da lokacin da zai kai takardar banki ya ci bashi, da kuma kan kowane gida da ya sayar. Gida ashirin, neman amincewa ashirin, kowane da kuɗinsa, da harajin hatimi, da na rajista. Jihohi ne ke yanka waɗannan kuɗaɗe, su ne kuma ke sa aikin ya yi sauri ko ya kwanta. Saboda haka jihar da takarda ke fita da wuri ta fi jihar da fili ke da arha amma fayil ya shekara kan tebur, don jarin da aka binne a bulo da kwano ba ya juyawa sai an sayar.

Wasu kan ce filinsu na gado ne tun kafin 1978, wannan sashe bai hau kansu ba. Shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989 ta rufe wannan ƙofa: Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi da irin wannan fili a birni saboda rashin amincewa. Wasu kuma sun wuce gona da iri, suna cewa ko yarjejeniya ba a rubutawa sai gwamna ya sa hannu. A 1995 kotun ta fayyace cewa ana iya ƙulla yarjejeniya, sai dai cinikin bai kammala ba har amincewar ta fito.

To maganar ƙwace fa? Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izini don maslahar jama'a, kamar hanya, makaranta ko asibiti, kuma dole a ba mai fili sanarwa a rubuce. Kotuna sun sha rushe sokewar da aka yi ba sanarwa, ko wadda aka karɓe daga wani aka ba wani don amfanin kansa. Amma wannan sashen ne kuma ya lissafa sayarwa ba amincewa cikin dalilan sokewa, haka saɓa sharuɗɗan takardar mallaka, irin su ƙin biyan kuɗin ƙasa na shekara ko ƙin ginawa cikin wa'adi. Wanda aka soke wa saboda laifinsa ba shi da diyya.

Ita kanta diyyar, a nan ne dokar ta gaza adalci. Sashe na 29 yana biyan gini da shuka ne: kuɗin sake ginin, a cire tsufansa. Ƙasar ita kanta ba a biyan darajarta ta kasuwa, sai kuɗin ƙasar da ka biya na shekarar. Wanda ya zuba miliyoyi ya sayi hekta biyu ya ajiye ba gini yana jiran gari ya iso, in aka ja hanya ta kansa kusan hannu rabbana zai tashi. Shi ya sa duba taswirar tsarin gari kafin saye ya fi sauraron dillali.

Shekara 99 da ake tsorata masu saye da ita ba ta cikin dokar. Sashe na 8 cewa ya yi izinin ya kasance na ƙayyadadden lokaci, jihohi ne suka saba rubuta 99 ga filin zama, kuma ana neman sabuntawa. Abin dubawa a takardar shi ne amfanin da aka rubuta. In an ce gona, sai an nemi sauya ta zuwa wurin zama, an amince da taswirar yanka fulotai, safiyo ya kafa duwatsun iyaka, kafin a haƙa rami. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan fuloti 21 masu ƙafa 50 da 100, amma hanyoyi da magudanan ruwa za su ci nasu kason, kuma matse su don ƙara fuloti shi ke jawo jan fenti a bango.

Hukuncin gini a cikin birni kan filin da ba ka da izininsa, a sashe na 43, ɗaurin shekara ɗaya ne ko tarar naira 5,000, da naira 100 kowace rana in an ce ka rushe ka ƙi. Tarar ba ta kai kuɗin buhun siminti ba a yau. Amma sashen ya ba gwamna ikon tilasta cire ginin, kuma waɗanda suka biya kuɗin gidajen wurinka za su dawo.