Ku daina kashe wa Baba na'urar da ke ƙirjinsa

'Yan uwa mazauna Makka da Jidda, maganar nan ta ishe mu. An yi wa dattijo mai ciwon makyarkyata, wato Fakinsin, aikin dasa siraran wayoyi a ƙwaƙwalwa, an sa masa batir a ƙirji ƙasa da ƙashin wuya, hannu ya daina rawa. Bayan 'yan watanni murya ta dusashe, harshe ya yi nauyi, sai wani ɗa ya ɗauki rimot ya kashe na'urar wai a ga ko magana za ta dawo. Haba jama'a! Rimot ɗin talabijin ne?

Wanda ya daɗe da na'ura, in aka kashe ta farat ɗaya, jiki na iya sandarewa, haɗiya ta gagara, zazzaɓi ya taso, har ya kai ga ɗakin kulawa ta musamman.

Nauyin harshen yana da dalili. Na'urar kan aika bugun wutar lantarki kusan 130 a daƙiƙa zuwa ƙwaƙwalwa, in wutar ta ɗan zarce inda ake so sai ta taɓa jijiyoyin baki da maƙogwaro. Likita ke da gyaran: ya rage ƙarfi, ko ya sauya wurin da wutar ke fita, ko ya sauko da bugun wajen 60 zuwa 80. Sai an yi haƙuri, yakan ɗauki zuwa da yawa.

Ciwon kansa ma yana rikita yadda ƙwaƙwalwa ke auna sauti. Alhaji yana raɗa amma a kunnensa da ƙarfi yake magana, shi ya sa yake jin haushi in an ce ya ɗaga murya. Ba taurin kai ba ne, Hajiya. Ku rage ƙarar talabijin, ku fuskance shi, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda. Ku nemi a haɗa shi da mai gyaran magana.

Mun san tausayi ke sa ku, Allah ya saka da alheri. Amma ku cire hannu daga rimot ɗin nan.

Ku ɗauki muryarsa a waya ku kai wa likita. Kada a yanke magungunan ciwon, Sinemet ko Madopar, ko don azumi, sai da izinin likita. Katin shaidar na'ura ya zauna a aljihu, a nuna a filin jirgi da kafin hoton MRI. In ya sandare ko ya kasa haɗiya, ku duba ko na'urar a kunne take, ku kira motar asibiti a 997.