Sipaina bifida: abin da sikanin ɗin wata biyar yake nema

Yawancin masu ciki a Gombe, da an ɗora musu na'urar sikanin, tambayarsu ɗaya ce: mace ce ko namiji? Shi kuwa mai na'urar idonsa na wani wajen. Yana bin ƙashin bayan ɗan tayin ne gaɓa-gaɓa, daga wuya zuwa ƙugu, ko akwai inda bai rufe ba. Wannan rashin rufewar shi likitoci ke kira sipaina bifida.

Ƙwaƙwalwa da laka daga wani siririn bututu suke farawa, wanda ke haɗewa cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace ba ta ma gama tabbatar da ɓatan watanta ba. In ƙarshensa bai haɗe ba, sai a haifi jariri da ƙullutu a gadon baya, wani fata ta lulluɓe shi, wani kuma laka a fili. Idan ɓarakar tana can ƙasa, yaro kan iya tafiya amma riƙe fitsari da bahaya ya gagare shi. In ta yi sama, ƙafafu kan shanye. Da yawansu kuma kai kan tara ruwa.



Tsakanin sati 18 da 22 na ciki ake yin sikanin ɗin da ke duba ƙashin baya. Abin mamaki, sau da yawa a kai ake fara ganewa: goshin ɗan tayin kan lotsa ta gefe biyu, ya yi siffar lemun tsami. Sikanin ɗin minti biyu, a faɗa miki kwanciyar yaro a sallame ki, ba shi ake nufi ba. In an ga abin shakka, a nemi takardar zuwa babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Wasu kan ce to amfanin me sanin, tunda an riga an halitta? Amfaninsa shiri. Ba za a haihu a gida ba, balle wata tsohuwa ta ce ƙurji ne a kira wanzami ya tsaga, wanda hakan na iya kai ƙwayar cuta har ƙwaƙwalwa. Buɗaɗɗen ciwon so ake likitan tiyata ya rufe shi cikin kwana biyu zuwa uku da haihuwa.

Ƙwayar folik asid da ake bayarwa wajen awo tana rage haɗarin sosai, sai dai matanmu kan fara awo ciki ya riga ya fito, aikin gama ya gama. Tun kafin ɗaukar ciki ake fara sha, maikirogiram 400 kullum. Wadda ta taɓa haifar irin wannan jariri, ko mai ciwon suga, ko mai shan maganin farfaɗiya, ta ga likita tukuna, don yakan rubuta mata miligiram 5, wato fiye da ninki goma na wancan.