Zaɓen Ƙananan Hukumomi a Najeriya: Tsarawa, Kuɗi da Sa Ido

Zaɓen ƙananan hukumomi shi ne zaɓen da jama'a ke fid da shugaban ƙaramar hukuma da mataimakinsa, da kuma kansila ɗaya daga kowace mazaɓa. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774: guda 768 a jihohi 36, sai 6 a Babban Birnin Tarayya Abuja, wato Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da ta Birni da Kewaye. Jihar Kano ce ke kan gaba da guda 44, Katsina na biye da 34, Bayelsa kuwa 8 kacal gare ta. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, a Abuja kaɗai take shirya wannan zaɓe. A jihohi kuwa aikin na hannun hukumar zaɓe ta kowace jiha, irin su KANSIEC a Kano da KADSIECOM a Kaduna. Wannan rabon aiki shi ne tushen kusan duk wata muhawara da ake yi a kan lamarin, domin gwamna ne ke naɗa mutanen hukumar jiha, kuma daga gwamnatinsa kuɗin aikinsu ke fitowa.

Asali

Kafin 1976 mulkin karkara a Arewa yana hannun En'e, ƙarƙashin sarakuna da hakimai da dagatai, su kuma yankunan Kudu kowanne da nasa tsari. Gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976 ne ya mayar da tsarin iri ɗaya a ƙasar baki ɗaya, aka kafa ƙananan hukumomi 301, aka yi zaɓen farko a ƙarshen shekarar ba tare da jam'iyyu ba. A zamanin soja hukumar zaɓe ta tarayya ce ke shirya shi, kamar yadda aka yi a 1987 da 1990 da 1997. Na ranar 5 ga Disamba 1998 yana da matsayi na musamman, don da sakamakonsa INEC ta auna ƙarfin jam'iyyu kafin ta tabbatar wa PDP da APP da AD rajista.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya mayar da aikin ga jihohi. Da wa'adin waɗanda aka zaɓa a 1998 ya cika a 2002, gwamnoni suka naɗa kantomomi da kwamitocin riƙo, sai a watan Maris 2004 yawancin jihohi suka yi zaɓensu na farko a ƙarƙashin hukumominsu. Daga nan naɗin kantoma ya zama jiki. Anambra ba ta sake zaɓe ba tun daga 1998 sai a Janairu 2014, Borno kuma ta shafe kimanin shekara 13 kafin na Nuwamba 2020.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya lamunce cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su tafiyar da ƙananan hukumomi. Sashe na 197 ya kafa hukumar zaɓe mai zaman kanta a kowace jiha, da shugaba da mambobi waɗanda ba su kasa 5 ba, ba su kuma wuce 7 ba. Gwamna ne ke naɗa su, majalisar dokokin jiha ta amince, su yi wa'adin shekara 5. Ba a cire mamba sai kashi biyu cikin uku na majalisar sun nemi hakan. A rubuce wannan kariya ce mai ƙarfi, amma a jihar da majalisa ba ta ja da gwamna, ba ta hana komai.

Hukumar jiha ba ta yi wa masu zaɓe rajista, ba ta kuma yi wa jam'iyyu. Kundin masu zaɓe na INEC take karɓa ta yi aiki da shi, da katin zaɓen da INEC ta bayar, a rumfunan da INEC ta tsara. Tsawon wa'adin ciyaman da kansila kuwa dokar jiha ce ke yankewa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2002 lokacin da ta soke yunƙurin Majalisar Tarayya na mayar da shi shekara 4. Shi ya sa wata jiha shekara 2 ce, wata 3, wata 4. Sai dai Majalisar Tarayya tana da ikon tsara matakan gudanar da zaɓen, kuma sashe na 150 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce ƙa'idojin da ake bi a zaɓen Abuja su ne za su hau kan hukumomin jihohi, zaɓen da ya saɓa musu kuma ba shi da inganci.

Tsara zaɓe

Aikin yana farawa da sanarwar ranar zaɓe da jadawali. Jadawalin ne ke faɗin lokacin zaɓen fid da gwani, da ranar rufe karɓar sunaye, da tantance 'yan takara, da fara kamfe da rufe shi. Dokar 2022 ta ɗora wa INEC ba da sanarwa kwana 360 kafin zaɓe, da karɓar sunayen 'yan takara kwana 180 kafinsa. Hukumomin jihohi da dama kuwa kan sanar da zaɓe saura wata biyu ko uku, bisa dokar jiharsu, wani lokacin ma a gyara dokar cikin gaggawa don a rage kwanakin. Gajeren wa'adi ba kowa yake cutarwa daidai ba. Jam'iyya mai mulki ta san ranar tun kafin a faɗa, ta riga ta yi sulhu ta tsayar da mutanenta, 'yan adawa kuwa sai su tashi haiƙan neman 'yan takara da kuɗin fom a 'yan makonni.

Bayan jadawali sai kayan aiki. Akwai waɗanda ake ɓoyewa sai ranar zaɓe ta matso, wato takardun ƙuri'a da na rubuta sakamako, akwai kuma akwatuna da tawada da hatimi da runfunan dangwala ƙuri'a. Wahalar zaɓen ƙaramar hukuma ita ce kowace mazaɓa takararta daban. A Kano kujerun kansila 484 ne, ga na ciyaman 44, kuma takardar sakamakon da ta ɓace hanya zuwa wata mazaɓa tana iya rushe zaɓen wurin. Ma'aikatan wucin gadi su ne kaso mafi yawa na mutanen da ake buƙata. Kano tana da rumfunan zaɓe 11,222 tun bayan ƙarin da INEC ta yi a 2021, don haka ko mutum 3 aka tura kowace rumfa an haura 33,000, ban da turawan zaɓe masu tattara sakamako a mazaɓu da hedikwatocin ƙananan hukumomi. Galibi malaman makaranta da ma'aikatan gwamnatin jiha ake ɗauka, mutanen da albashinsu da ƙarin girmansu ke hannun gwamnatin da jam'iyyarta ke takara.

Tsaro na 'yan sanda ne da sauran jami'an tarayya, waɗanda ba gwamna ke ba su umarni ba. A inda gwamna da gwamnatin tarayya ba jam'iyya ɗaya suke ba, wannan kan zama fagen ja-in-ja.

Kuɗi

A nan bambancin INEC da hukumomin jihohi ya fi fitowa. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, kuɗin INEC kai tsaye ake cire su daga asusun gwamnatin tarayya, kuma Dokar 2022 ta ce a saki kuɗin babban zaɓe shekara guda kafin ranarsa. Hukumar jiha ba ta da irin wannan gata a kundin. Kamar kowace ma'aikata take miƙa ƙiyasinta ga ma'aikatar kasafi, a saka a kasafin shekara, majalisa ta amince. Amincewar majalisa kuma ba ita ce kuɗi a hannu ba: sai an rubuta takardar neman saki, gwamna ya sa hannu, Akanta Janar ya biya. Gwamnan da ba ya son zaɓe ba sai ya ce a fasa ba, ya ishe shi ya bar takardar a kan tebur. Rashin kuɗi da rashin tsaro su ne uzurin da aka fi bayarwa a shekarun kantomomi. Idan kuma aka tashi yin zaɓen bagatatan, sai a nemi ƙwarya-ƙwaryar kasafi, a ba da kwangilar buga takardu da sayen akwatuna cikin gaggawa, lokacin da ba wanda zai tsaya duba farashi.

Manyan wuraren da kuɗin ke tafiya su ne buga takardu, da alawus ɗin ma'aikatan wucin gadi da horar da su, da hayar motoci da mai, da tallafin jami'an tsaro, da kuɗin lauyoyi. Wayar da kan jama'a ita ce ta farko da ake yankewa idan kuɗi suka gaza, abin da ke cikin dalilan da suka sa mutane da yawa ba sa ma sanin ana zaɓe a unguwarsu.

Hanya ta biyu ta samun kuɗi ita ce kuɗin fom. INEC ba ta karɓar ko kwabo daga ɗan takarar shugaban ƙasa, amma hukumomin jihohi da yawa suna ɗora kuɗi a kan mai neman kansila. A 2024 hukumar Kano ta sa naira miliyan 10 ga ciyaman da miliyan 5 ga kansila. Da Babbar Kotun Tarayya ta hana, sai ta mayar da su miliyan 9 da miliyan 4. A shekarar ne aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000, ke nan miliyan 5 ta kusan cinye albashin shekara 6 na ƙaramin ma'aikaci. Kujerar da ya kamata mai shayi ko malamin firamare da unguwa ta yarda da shi ya nema, ta koma sai mai ubangida. Hakan bai dace da dalilin kafa ƙaramar hukuma ba.

Sa ido

Majalisar dokokin jiha ce ta farko, don ita ke amincewa da kasafi, kuma sashe na 128 na kundin tsarin mulki ya ba ta ikon bincikar yadda aka kashe shi. Da wuya a ga hukumar jiha ta wallafa dalla-dalla abin da zaɓe ya ci, ko sakamakon kowace rumfa. Sau da yawa sunayen waɗanda suka ci kawai ake karantawa, babu alƙaluma. Ejan-ejan na jam'iyyu da 'yan jarida da ƙungiyoyin sa ido irin su Yiaga Africa suna halarta, amma ba su kai yawan da ake gani a babban zaɓe ba, kuma ejan da ba a miƙa masa kwafin sakamako ba ba shi da abin da zai nuna wa alƙali.

Ƙararrakin bayan zaɓe kotuna na musamman ke saurare, waɗanda Babban Jojin jiha ke kafawa bisa dokar jihar. Amma manyan hukunce-hukuncen da suka motsa tsarin daga Kotun Ƙoli suka fito. A 2016 ta haramta rushe zaɓaɓɓun majalisun da aka yi a Ekiti, a Mayu 2021 ta maimaita haka kan Oyo da Katsina. Ranar 11 ga Yuli 2024, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye maimakon ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumominta, kuma kada a ba majalisar da ba zaɓaɓɓiya ba kuɗi. Kason nan kashi 20.60 cikin 100 ne na asusun tarayya, don haka jihohin da suka yi shekaru suna cewa babu kuɗin zaɓe suka samo su cikin 'yan watanni.

Zaɓukan da suka biyo baya sun nuna iyakar abin da hukunci zai iya gyarawa. A Kano, ranar 26 ga Oktoba 2024, NNPP ta cinye duka kujerun ciyaman 44 da na kansila 484, bayan da Babbar Kotun Tarayya ta sauke shugabannin hukumar saura kwanaki, wata kotun jiha kuma ta ce a ci gaba. A Kaduna, mako guda kafin nan, APC ta kwashe duka na ciyaman 23 da na kansila 255. A Ribas an yi zaɓe ranar 5 ga Oktoba 2024 duk da umarnin kotu na hana INEC miƙa kundin masu zaɓe, sai Kotun Ƙoli ta soke shi ranar 28 ga Fabrairu 2025 saboda saɓa wa sashe na 150 na Dokar Zaɓe ta 2022. Shugaban INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya kwatanta irin waɗannan zaɓuka da naɗin sarauta ga 'yan takarar jam'iyya mai mulki. A Abuja kuwa, inda INEC ke riƙe da aikin, zaɓen Fabrairu 2022 ya raba kujerun 6 gida biyu, APC 3, PDP 3.

Kaduna ta taɓa gwada wata hanya. A Mayu 2018, zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, ta zama jiha ta farko da ta yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a, ta sake a Satumba 2021. An samu ƙorafe-ƙorafe da sace na'urori a wasu wurare, amma 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi, har PDP ta kayar da APC a rumfar gwamnan kansa a 2021. An cire na'urar daga dokar jihar a 2024.

Shawarwarin gyara

Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahotonsa a Disamba 2008, ya ba da shawarar a shigar da hukumomin jihohi cikin tsarin INEC. A 2024 Sanata Sani Musa na Neja ya kawo ƙudurin kafa wata hukumar tarayya ta daban don wannan zaɓe kaɗai. Ƙungiyar hukumomin jihohin, FOSIECON, tana ganin ba rushewa ce mafita ba: a ba su kuɗinsu kai tsaye, a tsare wa'adin mambobinsu, a sa ranar zaɓe a doka yadda gwamna ba zai iya matsar da ita ba. Masu wannan ra'ayi suna tunatarwa cewa mayar da komai Abuja ya saɓa wa tsarin tarayya, kuma jam'iyyar da ke mulkin ƙasa na iya yin abin da gwamnoni ke yi. Duk wanda aka zaɓa daga ciki, sai an taɓa kundin tsarin mulki, wanda ke buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ƙudurin ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗi da Majalisar Tarayya ta amince da shi a 2022 a wannan matakin ya tsaya, don jihohin da suka goyi bayansa ba su kai 24 ba.