Waiwaye: Ba ranar da yaƙi ya ɓarke manhajojinmu suka fara mutuwa ba

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin samarin Hausawan Sudan masu rubuta manhaja, waɗanda a nan aka fi kira da Larabci mubarmijin. Yau wasunsu suna Fot Sudan da Kasala da Gadarif, wasu sun tsallaka Alkahira ko Jidda ko Riyad, amma tambayar ɗaya ce. Me ya sa manhajojin da aka gina wa makarantu da shagunan magani da dillalan riɗi da dawa suka mutu murus, har da waɗanda kod ɗinsu, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, ya tsira a filash? Wani ɓangare ya ce yaƙi ne da rashin wuta da yankewar intanet irin ta Fabrairun 2024. Wani ya ce masu ba da aiki ne ba su yarda su biya kuɗin kula da manhaja bayan an miƙa musu ita ba.

Duka biyun da gaskiyarsu. Sai dai babu wadda ta bayyana abin da ya sa ake miƙa wa ƙwararren mubarmij kod cikakke, ya yi mako biyu a kansa, ya dawo ya ce gara a rushe a sake sabo. Wannan ciwo ya girmi yaƙin, kuma ya girmi yawancin masu gardamar.

Sanannen tarihin gajere ne. A 1968 masana suka taru a Garmisch ta ƙasar Jamus suna kukan cewa manyan ayyukan manhaja suna wuce wa'adi, suna cinye kuɗi, suna fitowa da kurakurai. A 1975 Fred Brooks ya nuna cewa ƙara mutane a aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi, domin mutum biyar hanyoyin magana goma ne a tsakaninsu, mutum goma kuwa 45. Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da jama'a ke ginawa tare, ya fito a 1991, mutum 17 suka fitar da sanarwar Agile kan gina manhaja kaɗan-kaɗan a 2001, Git mai ajiye tarihin sauye-sauyen kod ya zo a 2005, GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git a yi aiki tare, ya biyo baya a 2008. Duk wanda ya zauna a ajin kwamfuta a Khartum ko Madani ya ji waɗannan.

Wanda ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya faru a 1976. A shekarar ne wani injiniyan kamfanin kwamfuta na IBM mai suna Michael Fagan ya wallafa tsarin da suka gwada na zaman duba kod, kuma a ganina nan ne sana'ar ta yi kwana, daga aikin gwani shi kaɗai zuwa aikin jama'a.

Tsarin nasa mataki biyar ne: gabatarwa, shiri, zaman dubawa, gyara, da bibiya. Mutum huɗu ne a zaman: jagora, da wanda ya tsara aikin, da wanda ya rubuta kod, da mai gwaji. An fi son jagoran ya fito daga wani aikin daban, don kada ya ji nauyin kowa. Kafin a zauna, kowa ya ɗauki takardun ya yi nazarinsu shi kaɗai. Idan aka zauna, jagora ya zaɓi mai karantawa, shi kuma ba maimaita rubutun zai yi ba, fassara shi zai yi da bakinsa: wannan layin yana cewa kaza, idan sharaɗin bai cika ba sai a koma kaza. Idan tsarin aiki ake dubawa, yawanci wanda zai zo ya rubuta kod ɗin ne ke karantawa, wanda ya tsara yana saurare. Da zarar fassarar mai karatu ta saɓa da nufin mai rubutu, an kama kuskure ke nan, ko a kod ɗin, ko a yadda aka rubuta shi har ya ɓatar da mai karatu.

Ƙa'idojin zaman ƙanana ne amma kowace da dalilinta. Ba a wuce awa biyu, domin Fagan ya lura daga nan ido ya gaji, kurakurai sun fara wucewa. Ba a gudu: kimanin layi 150 a awa. Ba a gyara a zaman, gano kuskure kawai ake yi a rubuta shi da nau'insa da girmansa, domin da an fara "da ni ne da kaza zan yi" zaman ya koma musu. Jagora ya fitar da rahoto cikin kwana ɗaya, sannan ya bi ya tabbatar an gyara kowane abu. Idan gyaran ya taɓa fiye da kashi biyar cikin ɗari na aikin, sai a sake zama a kansa gaba ɗaya. A wani aiki da aka gwada tsarin a kamfanin inshora, kashi 82 cikin ɗari na kurakuran da aka gano a zaman dubawa aka kama su.

Ƙa'idar da ta fi duka nauyi ita ce wadda aka fi mantawa. Fagan ya hana a yi amfani da sakamakon zaman wajen auna ma'aikaci, ko don ƙarin albashi ko don kora. Dalilin a fili yake. Ran da aka fara ƙirga wa mutum kurakuransa don a hukunta shi, ranar zai daina kawo aikinsa, abokansa kuma su daina faɗin abin da suka gani don kada su jawo masa.

Wanda ya tashi kusa da halwa, wato makarantar allo ta Sudan, a Mai Wurno ko ƙauyukan Jazira, ko ya san tsangayar ƙasar Hausa, ba baƙon wannan ba ne. Mai satu yakan rubuta allonsa da ka, ya kai shi darasu, a ɗauka a karanta gwanaye suna saurare, a gyara wasali a gyara ɗigo. Babu mai ganin an ci masa fuska, domin kowa ya san allon ake gyarawa, kuma wanda ke gyara yau shi ma an taɓa gyara nasa. Abin da ke ba ni takaici shi ne muna da wannan gado a gida, amma da muka shiga sana'ar kwamfuta sai muka bar shi a ƙofar zaure.

A can waje tsarin Fagan bai tsaya yadda yake ba. Ya yi nauyi, mutum huɗu awa biyu kan layi ɗari uku, don haka aka yi ta rage shi. Masu Linux suka mai da shi aika gyara ta imel ana tsokaci layi-layi, daga baya ya zama buƙatar haɗe gyara da ake yi a GitHub da makamantansa. Wani bincike da aka yi a kamfanin Cisco ya nuna cewa idan abin da za a duba ya wuce layi 200 zuwa 400 a zama ɗaya, kama kuskure yana raguwa. Wani da aka wallafa a 2018 kan Google ya nuna matsakaicin gyaran da ake kai wa bita a can layi 24 ne kacal. Na Microsoft na 2013 ya fi shafarmu: mutane suna shiga bita da niyyar kama kuskure, amma babban abin da suke fita da shi shi ne sanin aikin juna. Wato zaman ya yi sauƙi, ginshiƙin dai yana nan, ba a shigar da kod sai wani ya karanta shi.

Wannan ginshiƙin ne bai kafu a yawancin ƙananan ayyukanmu ba. Gaskiya ne daga 1997 zuwa 2017 Sudan tana ƙarƙashin takunkumin Amurka, kuma a shekarun wasu manyan rumbunan kod na duniya a rufe suke ga mai shiga daga nan, don haka samari da yawa sun koyi rubutu daga littafi da bidiyo ba tare da sun taɓa ganin yadda manyan ayyuka ke tsefe gyaran juna ba. Amma ba zan jingina komai a nan ba, domin Git ba ya buƙatar wani shafi kafin ya yi aiki, karanta kod ɗin ɗan'uwa kuwa ko wuta ba ya buƙata idan an buga shi a takarda.

Abin da ya fi tasiri shi ne siffar da aikin ya ɗauka. Mai shago ko mai makaranta ya kira yaron da ya sani, su yi ciniki a dunƙule, yaron ya rubuta shi kaɗai da dare bayan ya taso aiki. Kuɗin na mutum ɗaya ne, babu kason mai dubawa. Inda aka yi ƙungiya ta mutum huɗu ko biyar, sai a raba aikin kamar gado: wannan nasa manhajar waya, wancan nasa saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanai, kowa da gonarsa, shiga gonar wani kuma neman magana ne. A kan haka sai kunya ta hau. Yaro ya ga kuskure a kod ɗin wanda yake kira Yaya ko Bashmuhandis, wato babban injiniya, ya haɗiye. Babban shi ma ba zai miƙa wa ƙaninsa aikinsa ya ce duba mini ba. Shawarwarin da aka yanke kuma, me ya sa aka zaɓi kaza aka bar kaza, duk suna cikin saƙon murya a waya, wayar ta ɓata sun bi ta.

Alamun sun bayyana tun kafin yaƙi. Ranar 1 ga Nuwamban 2017 Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya. Duk manhajar da aka rubuta mata ƙarin awa uku a kan agogon duniya da hannu, maimakon a bar ta ta karanta sunan yankin lokaci, daga ranar lokacin da take bugawa a rasit ya karkace. A Fabrairun 2021 farashin dala na hukuma ya tashi daga fam ɗin Sudan 55 zuwa 375, kuma duk wanda ya dasa farashin canji a cikin kod, ko ya yanka wa gurbin kuɗi ƙaramin wuri a rumbun bayanai, ya ji a jikinsa. Irin waɗannan kurakurai mai su ba ya ganinsu, domin a ransa daidai ne. Mai karatu na biyu yakan tsaya a kansu cikin minti biyar ya tambaya, wannan lambar daga ina take?

Da yaƙi ya zo, ya kuma isa Madani a Disambar 2023 inda da yawa suka fara fakewa, abin da ya watse shi ne ilimin da ke kan mutum ɗaya. Sunan shafi an yi rajistarsa da imel ɗin mubarmij, lambar tabbatarwa tana zuwa layin wayar da ya daina aiki, wa'adi ya cika ba mai sabuntawa. Kwafin rumbun bayanai yana kan sabar da ke ɗauke da asalin, a ofis ɗaya. Sauye-sauyen da aka yi wa rumbun da hannu aka yi su, ba a rubuta su a jere ba, don haka kod ɗin da ya tsira bai dace da bayanan da suka tsira ba. Makullin sa hannu na manhajar Android yana kwamfutar da aka bari a gida, kuma idan ba a ajiye shi a tsarin Google Play ba, ba halin sabunta manhajar sai dai a fitar da wata sabuwa a roƙi mutane su sake saukewa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan da bai daɗe a ɓoye ba da akwai mutum na biyu da ya taɓa ƙoƙarin tayar da aikin a kwamfutarsa.

Ba mu kaɗai ba ne. Ɓarakar tsaro ta Heartbleed da aka gano a 2014 a manhajar da ke kare sirrin shafukan intanet, da ƙofar bayan, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka gano a manhajar matse fayil ta xz a Maris ɗin 2024, duk sun fito ne daga ayyukan da duniya ta dogara da su amma 'yan tsirarun masu sa kai ke ɗauke da su, idanun da ke karantawa sun yi kaɗan.

Ƙungiyoyin da ke sake haɗuwa yanzu ba sai sun kwaikwayi IBM ba. Mutum uku sun isa. A kulle babban reshe, wato ainihin kwafin kod ɗin da kowa ke haɗe gyaransa a ciki, ta yadda ba mai shigar da gyara sai wani ya amince, har da shugaban ƙungiya, kuma shi ya kamata ya fara miƙa nasa ga ƙaramin cikinsu, domin daga nan kunyar take karyewa. Kowane gyara kada ya wuce layi 300, a duba shi kafin kwana ɗaya ya cika, in ba haka ba mutane za su koma tara aikin mako su jibge wa mai dubawa, shi kuma ya sa hannu bai karanta ba. Tsokaci ya zama tambaya a kan layi, me zai faru idan wannan gurbin ya zo babu komai, ba magana a kan mutum ba. Sau ɗaya a mako a yi zaman awa ɗaya a kan sashe mafi haɗari, na kuɗi ko na shiga da kalmar sirri, wanda bai rubuta ba shi ne mai karantawa. Sabon shiga a ba shi takardar tayar da aiki ya bi shi kaɗai, duk inda ya maƙale takardar ce za a gyara. Makullai da kalmomin sirri su kasance a hannun mutum biyu a garuruwa biyu, kwafin bayanai uku, ɗaya a wajen ƙasa, kuma duk wata a gwada dawo da shi a gani.

Yankewar intanet ba ta hana wannan. Umarnin git bundle yana dunƙule tarihin aikin a fayil ɗaya da za a ɗauka a filash daga Sinnar zuwa Gadarif, git format-patch kuma yana mai da kowane gyara ɗan ƙaramin rubutu da zai wuce ko layin ya yi rauni. Kuɗin bitar kuma a sa shi cikin ciniki tun farko, a faɗa wa mai aiki ƙarara cewa wannan kason na wanda zai karanta ne, kuma shi za ka kira ran da ba ka same ni ba.

Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna zubo layi ɗari biyar cikin minti ɗaya, mizanin idon mai karatu kuwa bai gusa daga inda aka auna shi ba, layi 'yan ɗaruruwa a zama. Kod ɗin da aka karɓa daga na'ura aka shigar ba a karanta ba ya fi na da rauni, domin na da aƙalla mutum ɗaya ya san abin da ke ciki. Ƙa'idar layi 300 da mai karatu na biyu ta hau kansa kamar yadda ta hau kan na Bashmuhandis, kuma wanda ya nemo shi daga na'urar shi zai zauna ya amsa tambayoyin mai karantawa.