Gilashin hular kwano mai ɗumi: yadda ake ja masa wuta daga babur ɗin ƙanƙara

Wai me ya kawo wuta cikin hular kwano?

Sanyi ne. A wurare irin su Kebek ta Kanada, Minisota ta Amurka ko arewacin Finland, mutum na tuƙa sinomobil, wato babur ɗin dusar ƙanƙara, a sanyin da kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, to numfashinsa na bugun gilashin hular sai ya zama raɓa, raɓar nan kuma take ta daskare, ka ga mutum yana gudu amma ba ya ganin gabansa. Shi ya sa ake yin gilashi mai ruɓi biyu da ɗan siririn abin ɗumamawa a jikinsa, yana cin bolt 12, yawanci amfiya 1 zuwa 2. Ba zafi yake yi ba fa, ɗan ɗumi ne da zai hana raɓa zama.

Ina ake samo wutar?

Nan ne aikin yake. Da farko a leƙa kusa da sitiyari, domin da yawa cikin sabbin babura samfurin Ski-Doo da Polaris da Arctic Cat suna zuwa da soket ɗin gilashin, ko dai an bar wayarsa a cikin tarin wayoyi tana jira, filogin RCA ne irin wanda muka sani a bayan tsohuwar bidiyo. In akwai shi, magana ta ƙare.

In babu, sai a duba wane irin inji ne. Tsofaffin da ake ja da igiya ba su da batir ma sam, wutarsu daga kwayil take fitowa kuma AC ce, wato wuta mai kai da kawo, ba DC irin ta batir ba, sai injin ya tashi take samuwa. Wannan ba matsala ba ce, abin ɗumamawar bai damu da AC ko DC ba, kuma abin da ya burge ni da irin wannan shi ne kana kashe inji wuta ta ɗauke, ba abin da zai zuƙe maka. Sai dai in injin na sulo wutar kan yi ƙasa, gilashin ya ɗan yi raɓa har sai an ba injin wuta.

Mai batir fa, ba sai na ɗaura kai tsaye a kan batirin ba?

Zai yi aiki, amma ni ban goyi baya ba. Ka tsaya shan shayi ka bar hular a jone, ka dawo batir ya kwanta, a daji, cikin wannan sanyi, wallahi ba ƙaramin abu ba ne. A nemi wayar da sai an murɗa makulli ko inji ya tashi take kawo wuta, a gwada ta da mitar auna wuta, kar a dogara da launin waya kawai don kowane kamfani da nasa tsarin. Akwai kuma injinan da ke da AC da DC duka biyun, a nan fozitif da nagetif su fito daga ɓangare ɗaya, kar a gauraya.

Wayar fitila ko ta ɗumama hannu ba za ta yi ba?

Mutane na yi, sai daga baya su zo suna mamaki. In ka jona a wayar dim, kana ɗaga ful gilashin ya mutu. Ta ɗumama hannu kuma tana bin makunninta, ka rage ta gilashin ma ya ragu. Sai dai a kama wayar tun kafin ta shiga makunni.

Fis dole ne?

Dole. Ɗan amfiya 3 ya isa yawancinsu, a sa shi kusa da inda aka ɗebo wutar. Dalili kuwa, tsinken tsakiyar filogin nan shi ke ɗauke da fozitif, kuma wayar an yi ta ne gida biyu don ta cire da kanta in mutum ya faɗi ko ya sauka ya manta, to in tsinken mai wuta ya taɓa ƙarfen bodi wuta ta haɗu kenan. Gara ɓangaren da ke jikin injin ya zama mai rami, tsinken ya kasance ta wajen hular. Haɗin ma a yi masa dalma a rufe da roba mai tsukewa, salatif kaɗai sanyi da jijjiga suna warware shi, kuma a nisanta wayar da salansa, a juya sitiyari hagu da dama a tabbatar ba ta ɗamewa.

Na haɗa komai amma bai yi ɗumi ba.

A fara da fis, sannan a tayar da inji a auna soket ko akwai bolt 12 zuwa 14. In akwai, a auna gilashin kansa: lafiyayye zai nuna ɗan om kaɗan, wato ma'aunin juriyar waya ga wuta, wanda ya tsinke kuwa mita ba za ta nuna komai ba. Sau da yawa dai laifin na wayar hular mai naɗi ne, ta kan karye ta ciki daidai wuyan filogi inda take yawan lanƙwasa, daga waje kuma ka gan ta garau.