Waiwaye: Yadda Aka Koyi Leƙa Cikin Mama Kafin Hannu Ya Ji Ƙari

A shekarar 1913 wani likitan tiyata a birnin Balin na Jamus, Albert Salomon, ya fitar da sakamakon wani aiki mai cin rai. Ya tara mama kimanin 3,000 da aka riga aka yanke daga jikin mata, ya riƙa haska su da eksire, hasken nan mai ratsa jiki da Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, sannan ya kwatanta hoton da abin da madubin likita ya nuna. Ya ga siffar ƙarin, ya kuma lura da wasu ɗigo-ɗigo na sinadarin kalsiyam, ƙanana kamar tsakin yashi, da ke taruwa a wurin sankara. Har gobe waɗannan ɗigo-ɗigo suna cikin abin da mai karanta hoto ke fara nema. Amma a zamanin Salomon hannu ne kaɗai ma'auni. Sai ƙari ya girma har an ji shi, kuma idan an ji shi, galibi mama gaba ɗaya ake cirewa har da naman ƙirji.

Ɗaukar hoton mace mai rai ya fi wuya, domin mama ba ƙashi ba ne, nama ne mai taushi da inuwarsa ke cakuɗewa. Stafford Warren ya gwada a Amurka a 1930, aka samu haske kaɗan. Wanda ya kawo dabarar da ta zauna shi ne Raúl Leborgne na ƙasar Yurugwai, wajejen 1950: a matse maman tsakanin faifai biyu. Mata da yawa suna kokawa da wannan matsi, kuma gaskiyarsu ne, akwai zafi. Sai dai shi ne ke baje naman don kada wani sashe ya ɓoye wani, yana hana motsi, yana kuma rage yawan hasken da jiki zai sha. A 1960 Robert Egan ya fitar da tsarin ɗaukar hoto da kowane asibiti zai iya maimaitawa, bayan ya gwada shi sau 1,000 a birnin Houston na Amurka. A tsakiyar shekarun 1960 kuma Charles Gros na Strasbourg a Faransa ya ƙera na'urar da mama kawai aka yi ta dominsa. Daga nan ne mamogram, wato hoton mama da ake ɗauka da eksire, ya samu kamanninsa na yau.

Tambayar da ta fi nauyi ta biyo baya: idan an ɗauki hoton matar da ba ta jin komai, hakan na ceton rai kuwa? A 1963 aka fara gwaji a New York da mata kusan 62,000 masu shekara 40 zuwa 64, aka raba su gida biyu, rabi ana gayyatarsu bincike, rabi ba a gayyata. Mace-macen sankarar mama ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a cikin waɗanda aka gayyata. Gwajin da László Tabár ya jagoranta a larduna biyu na Suwidin daga 1977 ya ba da kusan wannan adadi a 1985. A kan irin waɗannan hujjoji Birtaniya ta kafa shirinta na ƙasa a 1988, ana kiran mata duk bayan shekara uku.

Duk da haka mamogram yana da makanta, kuma a ganina duk na'urar da ta zo bayansa wannan makantar ta zo gyarawa. A hoton, kitse yana fitowa da duhu, naman da ke samar da nono yana fitowa fari, ƙari ma fari. Idan maman mace kitse ya fi yawa, ƙarin zai fito ɓaro-ɓaro. Idan kuwa namansa a cunkushe yake, aikin ya zama neman farin zare a kan farin ƙyalle. Kusan rabin matan da suka haura shekara 40 haka mamansu yake. Taɓawa ba ta nuna wannan, girman mama ma ba ya nunawa, hoto ne kaɗai ke faɗa. Ga shi kuma cunkoson kansa yana ɗan ƙara haɗarin kamuwa.

Sikanin, wanda ke aiki da amon sauti ba tare da eksire ba, tun farkon shekarun 1950 John Wild da John Reid suka gwada shi a kan ƙarin mama. Babban amfaninsa shi ne bambance ƙullutu mai ruwa a ciki, wanda galibi ba shi da illa, da dunƙulallen nama. Shi ya sa shi ake fara yi wa budurwa, da mai ciki, da mai shayarwa idan sun ji ƙullutu. Rauninsa biyu ne: ba ya ganin ɗigon kalsiyam sosai, kuma ingancinsa ya rataya a kan hannu da idon mai riƙe da shi.

Shi kansa mamogram ya sauya. A 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar farko da ke ajiye hoto a kwamfuta a maimakon fim, kuma wani babban bincike na 2005 ya nuna ta fi ta fim gani a matan da ba su kai 50 ba da masu cunkusasshen mama. A 2011 aka amince da wadda bututunta ke kewayawa yana ɗaukar hoto ta kusurwoyi daban-daban, kwamfuta ta jera su falle-falle, likita yana buɗawa kamar shafukan littafi. Wannan ya rage yawan matan da ake sake kira saboda inuwar da ashe nama ne ya hau kan nama.

Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, ta bi wata hanya dabam. Sankara tana janyo wa kanta jijiyoyin jini don ta ci ta girma, saboda haka idan aka yi allurar sinadarin gadoliniyam, wurin ƙarin yakan riga sauran nama shan sa ya haska. Sylvia Heywang ce ta nuna haka a Jamus a 1986. Babu na'urar da ta kai ta gani, amma tana da tsada, tana cin lokaci, tana kuma yawan nuna abin da ba sankara ba. Don haka aka keɓe ta ga masu babban haɗari, kamar waɗanda suka gaji sauyin ƙwayoyin halitta na BRCA1 ko BRCA2. Wani gwaji a Holan a 2019 ya nuna cewa a matan da mamansu ya fi na kowa cunkushewa, ƙara MRI ya rage sankarar da ke ɓullowa tsakanin bincike da bincike daga 5 zuwa 2.5 a cikin kowace 1,000. Ita kuwa na'urar da ke auna ɗumin fata, an gwada ta tun shekarun 1950 ba ta yi abin kirki ba, kuma hukumomin lafiya sun yi gargaɗin kada a musanya mamogram da ita.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye wa mata ba. Ido mai kaifi yana ganin har abin da ba zai taɓa cutar da mai shi ba. Kwamitin da Michael Marmot ya shugabanta a Birtaniya a 2012 ya ƙiyasta cewa binciken mamogram yana rage mutuwa daga sankarar mama da kusan kashi 20 cikin ɗari, amma a kan kowane rai ɗaya da aka ceto, mata kusan uku ne ake yi wa magani a kan sankarar da da ba za ta taɓa tayar musu da hankali ba. Matsalar ita ce har yanzu ba a iya ware wacce ce za ta yi ɓarna tun daga hoto. Wannan na cikin dalilan ja-in-jar shekarun da ya kamata mace ta fara binciken. Kwamitin ƙwararru na Amurka a 2009 ya ce a fara a 50, a 2024 ya dawo da shi 40, duk bayan shekara biyu.

Kuma hoto, komai kyansa, zato yake bayarwa. Tun 1993 masu karanta hoto suke da ma'auni guda, BI-RADS, wanda yanzu ya tashi daga 0 zuwa 6, inda 4 da 5 ke nufin a ɗebo nama a gwada. A da sai an shiga ɗakin tiyata. Yanzu allura ce, sikanin ko mamogram yana yi mata jagora har inda ƙarin yake, kuma mafi yawan abin da aka ɗebo yakan fito ba sankara ba. Sabon abokin aiki shi ne ƙirƙirarriyar basira: a wani gwaji na mata 80,000 a Suwidin a 2023, ta taimaka yawan sankarar da aka gano ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, aikin karatun hoto kuma ya ragu da kashi 44.

Abin da ke damuna shi ne wannan ci gaba bai isa ko'ina ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da cutar, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin ɗari suna raye shekara biyar bayan ganowa, a wasu ƙasashen kuwa adadin bai kai rabi ba, domin matan suna isowa da ƙarin da hannu ya daɗe da ji. Shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 bai fara da sayen manyan na'urori ba. Ya nemi a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari a mataki na ɗaya ko na biyu, kashi 80 su kammala magani, kuma matar da ta zo da ƙullutu a duba ta, a ɗauki hoto, a gwada naman, a faɗa mata sakamako cikin kwana 60.